Kafin Ka Zargi Yatsunka, Duba Jitarka

Ƙannena masu son jita, maza da mata, akwai maganar da ke ci mini rai duk lokacin da na ji ta daga bakin yaro: "Ni ba ni da baiwar nan." Ya yi wata biyu yana fama, yatsunsa sun yi kanta, sun fashe, ya danna tsirkiya sauti ya ƙi fita, sai ya jingine jitar a bayan ƙofa ya yanke wa kansa hukunci. In ka ɗauki jitar nan ka duba, sau da yawa za ka tarar tsirkiyoyin sun yi nesa da wuya har ana iya zura fensir a tsakani, sun yi tsatsa, wuyan kuma ya lanƙwashe. Ko gwanin Agadas aka miƙa wa ita sai ya sha wahala. Yaron nan ba a ba shi damar sanin ko yana da baiwa ko babu ba.

Jitar lantarki aba ce da aka ƙera don a daidaita ta. Stratocaster ɗin da kamfanin Fender ya fitar a 1954, wadda yawancin jitocin da ke shigowa kasuwanninmu kwaikwayonta ne, kusan komai nata da noti aka ɗaure shi: wuya, jaki, siradan da tsirkiya ke hawa, maɗaukan sauti. An yi haka ne domin mai ita ya juya su har su dace da hannunsa. Jita mai araha da aka daidaita da kyau ta fi mai tsadar da aka bari yadda ta fito daga kwali daɗin kaɗawa, kuma wannan magana na tsaya a kanta. Kayan aikin ma ba su da yawa: alanki, sukudireba, rula mai milimita, kafo, da manhajar saiti a waya. Abin da ya fi kayan aikin muhimmanci shi ne bin tsari, domin kowane gyara yana taɓa na gaba da shi. Tsirkiya ce farko, sai wuya, sai tsayin tsirkiya, sai daidaiton sauti, maɗaukan sauti su zo ƙarshe. Wanda ya fara daga tsakiya zai yi aiki sau biyu.

Sa sabbin tsirkiyoyi tukuna. Tsohuwar da ta sha gumi da ƙura ba ta faɗin gaskiya, duk awon da ka yi a kanta na banza ne. A jikin fakiti za ka ga lamba kamar 9-42 ko 10-46. Lambar farko kaurin siririyar tsirkiya ce, ta biyu na babbar. Masu lamba 10 idan aka ɗaure su daidai suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kusan kilo 45, masu lamba 9 kuwa ba su kai kilo 40 ba. Ga mai koyo, lamba 9 nake ba da shawara. Kada wani ya ce maka siririyar tsirkiya ta rago ce. Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath ya rasa kan yatsunsa biyu a masana'antar ƙarfe a Birmingham ta Ingila yana ɗan shekara 17. Ya koma ga tsirkiyoyi marasa kauri, daga baya ya sassauta saitin jitarsa don yatsun su samu sauƙi, kuma da wannan ya fitar da sauti mai nauyin da har yau ake kwaikwayo. Stevie Ray Vaughan kuwa masu kauri sosai yake so. Kowannensu ya bi hannunsa. Abin kiyayewa ɗaya ne: ranar da ka canza lamba, nauyin da ke kan wuya ya canza, sai ka sake duba komai.

Idan ka naɗa tsirkiya a kunnenta, zagaye biyu zuwa uku sun isa ga masu kauri, sirara a ƙara musu kaɗan, kowane zagaye yana sauka ƙarƙashin na baya. Ka ja kowace a hankali da yatsa, ka sake saiti, ka maimaita har ta daina sauka. Saitin da aka saba shi ne E, A, D, G, B, E daga babba zuwa ƙarama. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka koya ta hanyar Faransanci za su ce mi, la, re, sol, si, mi. In kana da naka saitin da ka fi kiɗa da shi, to a kansa za ka yi duk gyaran.

Yanzu wuya, inda na fi so ku natsu. A cikin katakon akwai sandar ƙarfe da ke ja da baya don ta tare jan tsirkiyoyi. Wani ma'aikacin kamfanin jita na Gibson mai suna Thaddeus McHugh ne ya nemi rajistar wannan dabara a 1921. Mutane da yawa suna ɗauka aikinta ɗaga tsirkiya ko sauke ta, suna ta murɗa ta har su lalata jita. Aikinta ɗaya ne: ta ƙayyade yadda wuya zai ɗan lanƙwasa. Tsirkiya idan ta kaɗa, ta fi buɗewa a tsakiyarta, don haka ana so wuya ya ɗan lotsa kaɗan ya ba ta fili. Kaɗan ɗin nan ƙanƙani ne ƙwarai.

Ga yadda ake aunawa. Riƙe jitar yadda kake riƙe ta in za ka yi kiɗa. Sa kafo, wato abin da ke matse tsirkiyoyi duka, a gaɓa ta farko (gaɓoɓi su ne rabe-raben da siraran ƙarafa suka yi a jikin wuya), ka danna babbar tsirkiya a gaɓar ƙarshe da yatsa. Tsirkiyar ta zama miƙaƙƙen layi ke nan. Dubi tazarar da ke tsakaninta da ƙarfen gaɓa ta 8. Ma'aunin da Fender ke bayarwa ga yawancin jitocinta na zamani shi ne kimanin milimita 0.25. Bakanike yana da siraran ƙarafan da yake auna bakin fulogi da su, za su yi wannan aiki. In babu, guntun siririyar tsirkiya mai lamba 10 kaurinta ke nan daidai, zura ta ka gani. Idan tsirkiya ta kwanta a kan ƙarfen babu fili ko kaɗan, wuyan ya miƙe da yawa ko ya koma baya, sai a sassauta sandar. Idan filin ya yi yawa, a ɗaure ta, wato a juya ta yadda hannun agogo ke tafiya in kana fuskantar notin.

Kada ka wuce rubu'in zagaye a lokaci guda, rabin rubu'i ma ya fi. Juya, sake saiti, ba katako ɗan lokaci ya zauna, sannan ka sake awo. Ka tabbata alankin ya shiga ramin ya cika shi, domin jitocin Amurka da inci aka yi notinsu, na Asiya yawanci da milimita, kuma alankin da ya kusa daidai amma bai kai ba shi ke cinye bakin noti. In ka ji sandar ta cije, tsaya. Kada ka sa ƙarfi, kada ka nemi ƙarin bututu don ka samu dama. Sandar da ta karye a cikin wuya gyaranta ya kan fi kuɗin jita mai araha.

A nan ne ƙasarmu take shigo da tata maganar. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya zauna tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano ko Damagaram ko Sakkwato, lokacin hunturu danshi yakan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ya haura 70. Katako yana shan ruwa daga iska yana kuma amayar da shi. Da hunturu allon da ke saman wuya yakan tsuke, galibi wuyan ya ƙara lotsawa, tsirkiya ta yi sama, bakin ƙarafan gaɓa su leƙo ta gefe suna kartar tafin hannu. Da damina allon ya kumbura, wuya ya miƙe, tsirkiya ta fara gugar ƙarfe. Don haka jitar da ka daidaita a watan Janairu ba ita ce za ka tarar a Agusta ba, kuma ba lalacewa ta yi ba. Duba wuyanta sau biyu a shekara, farkon hunturu da tsakiyar damina, ka rubuta awon a ɗan littafi don ka san halinta. Ajiye ta cikin jakarta. Da hunturu sa ɗan soso mai laima, wanda aka matse sarai, a cikin gidan sabulu mai huji, ka ajiye a jakar inda ba zai taɓa jikinta ba. Kada ka bar ta a cikin mota da rana ko a jingine jikin bangon da rana ke duka a bazara.

In wuya ya zauna, sai tsayin tsirkiya. A jikin jaki kowace tsirkiya tana da sirdinta, kowane sirdi da ƙananan notuna biyu. Jitocin da suka bi tsarin Gibson kuwa da ƙafafu biyu ake ɗaga jakin gaba ɗaya. Cire kafo, ka auna daga saman ƙarfen gaɓa ta 12 zuwa ƙasan tsirkiya. Wurin farawa mai kyau shi ne kimanin milimita 2 ga babbar tsirkiya, 1.6 ga ƙarama. Katin banki kaurinsa milimita 0.76 ne, biyu a haɗe sun kusa 1.6, sai dai ka yi amfani da gefen da babu lambobi masu tudu. Allon wuya ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da ɗan doro, saboda haka siradan tsakiya za su ɗan fi na gefe tsayi. Notuna biyun kowane sirdi su yi daidai da juna, kada ya karkata.

Waɗannan lambobi mafari ne, kunnenka da hannunka ne za su yanke. Saurari yadda masu jitar Abzinawa ke kiɗa, irin su Bombino da Etran de L'Aïr na Agadas: babbar tsirkiya tana ta amo a sake, yatsun hannun da ke kan wuya suna bugawa suna fizga da sauri, sau da yawa ba tare da an sake kaɗa tsirkiyar ba. Irin wannan kiɗa yana son tsirkiya ta yi ƙasa, domin yatsa ba shi da lokacin doguwar tafiya. Wanda kuwa yake dukan jita da ƙarfi, ko yake yawan tura tsirkiya sama don ya ja sauti, yana bukatar ƙarin fili, in ba haka ba sautin zai shaƙe. Sauke sirdi kaɗan kaɗan har ka ji guga ta fara, sannan ka ɗaga shi ta daina. Ka yi gwajin da irin ƙarfin da kake kiɗa da shi a gaban mutane. 'Yar gugar da kake ji in ba a jona jita ba, amma ba ta fitowa a lasifika, ba abin damuwa ba ce.

Gugar ma tana gaya maka inda ciwon yake in ka saurara. In a gaɓoɓin farko take, daga ta 1 zuwa ta 5, wuya ne ya miƙe da yawa. In daga ta 12 zuwa sama take, sirdi ne ya yi ƙasa. In gaɓa ɗaya tak ke yi, ƙarfen da ke gabanta ne ya ɗago ko wanda kake dannawa ya cinye. In kuma sai tsirkiya tana sake take yi, da ka danna ta daina, to matashin da ke kan wuya ne, farin abin nan mai tsaga shida da tsirkiyoyi ke bi kafin su kai kunnuwa.

Matashin nan shi ne ɓoyayyen azzalumin masu koyo. A jitoci masu araha tsagoginsa sukan zo ba su yi zurfi ba, sai danna gaɓa ta farko ya zama aiki, sautin kuma ya haura sama ko da manhaja ta ce saiti daidai ne. Gwada haka: danna tsirkiya a gaɓa ta 3, ka dubi tazararta da ƙarfen gaɓa ta farko. Ya kamata ya zama fili ɗan mitsitsi, kamar kaurin takarda. In ya fi haka sosai, tsagar tana son a zurfafa ta. Wannan kam ban ce ka yi da reza ko wuƙa ba. Abin da aka kankare ba ya dawowa, kuma akwai zarto na musamman mai kaurin kowace tsirkiya. Nemi wanda ya iya. Abin da za ka iya da kanka shi ne goga bakin fensir a cikin tsagogin, domin baƙin fensir yana sa tsirkiya ta zame. Ƙarar "ƙis" da kake ji in kana murɗa kunne alama ce tsirkiya tana maƙalewa a nan, kuma mafi yawan jitocin da ake cewa ba sa riƙe saiti, laifin daga nan yake, kunnuwan lafiyarsu ƙalau.

In jitarka mai sandar girgiza ce, buɗe murfin baya za ka ga sifirin da ke riƙe jaki. Fender tana barin bayan jakin ya ɗago kimanin milimita 3. Shawarata ga mai koyo ita ce ya ɗaure notunan biyu da ke riƙe sifirin har jakin ya kwanta a jikin jita. Saiti zai fi zama, kuma in tsirkiya ɗaya ta tsinke ana tsakiyar biki, sauran biyar ba za su goce ba.

Sai daidaiton sauti, wanda shi ke raba jitar da ke da daɗi a gaɓoɓin farko kawai da wadda ke da daɗi ko'ina. Tsawon tsirkiya daga matashi zuwa sirdi a Stratocaster milimita 648 ne, a Les Paul ta Gibson kimanin 628. Gaɓa ta 12 tana tsakiyar wannan tsawo, don haka sautinta ya kamata ya zama na sakakkiyar tsirkiya sak, sai dai a sama. Amma danna tsirkiya yana ƙara mata ɗauri, yana ɗaga sautinta kaɗan, kuma mai kauri ta fi siririya yin haka. Shi ya sa ake ja da sirdi baya don a rama. Saita sakakkiyar tsirkiya da manhaja, sannan ka danna gaɓa ta 12 da irin dannawar da ka saba. In sautin ya haura, ja sirdi baya, nesa da wuya, tsirkiya ta ƙara tsawo. In ya gaza, matso da shi gaba. Sassauta tsirkiyar kafin ka juya notin, sake saiti bayan kowane juyi, ka bi su shida ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin rai, amma ranar da ka gama ka kaɗa tsirkiyoyi uku tare a can saman wuya ka ji sun haɗu babu mai faɗa da wata, za ka san abin da kake rasawa.

Bahago kuma, in ka juya jitar dama ka sauya jerin tsirkiyoyi yadda Jimi Hendrix ya yi, dole a canza matashi a kuma sake wannan daidaito daga farko. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, shi ma bahago ne. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, kuma faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008. Fatou Seidi Ghali ta Les Filles de Illighadad da jitar ɗan'uwanta ta koya wa kanta. Ina kawo su ne don ku ga rashin kaya masu tsada bai tare su ba, kuma wanda ya taɓa ɗaure wayar birki a kan katako ya san abin da tsayin tsirkiya ke yi wa yatsa. Ke ma ƙanwata, alanki bai fi ƙarfin hannunki ba, kada ki jira wani ya gyara miki.

Maɗaukan sauti maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Kusantarsu da tsirkiya tana ƙara ƙarfin sauti, sai yara su ɗaga su har su kusa taɓawa. Maganaɗisun kuwa yana jan tsirkiya, in ya matso da yawa sai amon ya mutu da wuri, babbar tsirkiya ta riƙa wani rawar sauti kamar saiti ya goce. Danna gaɓar ƙarshe ka auna: kimanin milimita 2 zuwa 2.5 a ɓangaren babbar tsirkiya, 1.6 zuwa 2 a ɓangaren ƙarama. Daga nan ka saurara, ka daidaita su yadda in ka sauya daga ɗaya zuwa wani ƙarar ba za ta yi tsalle ba. Ƙugin da kake ji a lasifika kuwa, maɗauki mai naɗi ɗaya ne ke kwaso shi daga wutar lantarki, wadda a Najeriya da Nijar take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Don maganin wannan ne Seth Lover na Gibson ya ƙera mai naɗi biyu a shekarun 1950. A yawancin jitoci masu maɗauki uku, matsayi na 2 da na 4 na makunnin suna rage ƙugin. Matsawa nesa da amfilifaya da janareta da cajar waya, ko juya jiki kaɗan, shi ma yana taimakawa. Ƙarar "ƙarr" in ka murɗa maɓallin ƙara ƙura ce, mai gyaran rediyo yana da feshin da ke wanke ta. Soket ɗin da ke motsi, riƙe shi ta ciki kafin ka ɗaure notinsa, in ba haka ba zai juya ya tsinke wayar.

Magana ta ƙarshe ta fi duk na baya nauyi, domin ta rai ce. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jaki, jaki a haɗe da wayar da ke tafiya zuwa amfilifaya. Duk lokacin da hannunka ke kan tsirkiya, jikinka yana haɗe da ƙarfen amfilifayar. In tana da matsala kuma babu wayar atin da ke kai wuta ƙasa, ko makirufo yana kan wata wutar daban da ba a haɗa daidai ba, wuta za ta iya bi ta jikinka. Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows haka ya mutu a kan dandamali a Swansea a 1972, ya taɓa makirufo. Keith Relf, tsohon mawaƙin Yardbirds, ya rasu a gidansa a 1976 yana kaɗa jitar da ba a yi wa atin daidai ba. Ku tuna yadda muke kiɗa a wuraren biki: janareta a gefe, wayoyi an tsiga an cusa a soket da tsinken ashana, ƙasa a jiƙe da ruwan wanke hannu, mai jita ya cire takalmi.

Kada ka karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket, nemi soket ɗin da ya dace. Amfilifayar jita da na'urar makirufo su sha wuta daga wuri ɗaya mai atin. Sa takalmi mai ƙasan roba, kada ka tsaya a kan laima. In ka ji ɗan cizo a leɓe lokacin da ka kusanci makirufo, ko tsirkiya tana ɗan tsikarin yatsa, ajiye jitar nan take, a kashe wuta, a kira mai aikin lantarki, ko da amarya ta shigo fili. Amfilifayar da aka yi don wutar Amurka mai ƙarfin 120 ba a jona ta a wutarmu ta 220 zuwa 230 sai da taransifoma, duba rubutun bayanta kafin ka saya. Cikin amfilifaya kuwa, musamman mai kwalabe, yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare fulogi. Wuya da jaki da maɗaukan sauti naka ne, ka taɓa su yadda kake so. Bayan amfilifaya ka bar wa wanda ya koyi aikin.